Kaurin Kebul: Almubazzaranci Ne ko Amana?

Taransifoma mai layi uku, mai ƙarfin 500kVA, da aka jona a layin 11kV irin na unguwanninmu, wutar da take ja a ɓangaren shiga ba ta wuce amfiya 26 da ɗoriya ba, alhali a ɓangaren fita, na 415V, tana kusan kaiwa 700. Siririn kebul ma zai ɗauki amfiya 26 bai yi ɗumi ba. Me ya sa injiniya zai nace a binne mai kauri, alhali jan ƙarfe na da tsada? Tambayar ta shafi lissafi, ta kuma shafi addini: shin tanadi don ranar da wataƙila ba za ta zo ba almubazzaranci ne?

Amsar tana ga yadda ake auna buƙata. Ranar da wayoyi suka haɗu, wutar da ke bi ta kebul kan kai dubban amfiya kafin na'urar yanke wuta ta katse ta, zafi kuwa yana ninkuwa huɗu duk lokacin da wuta ta ninka biyu. Rufin kebul irin na XLPE yana jure digiri 90 a aikin yau da gobe, da 250 na ɗan taƙaitaccen lokaci. Don kebul na jan ƙarfe ya jure amfiya 10,000 na daƙiƙa ɗaya, sai kaurinsa ya kai murabba'in milimita 70. Ga kuma jadawalin ƙa'idojin IEC na yawan wutar da kebul zai iya ɗauka, da aka gina kan iska mai digiri 30, alhali Sakkwato da Maiduguri kan haura 40 a watan Afrilu. Ashe buƙatar gaskiya ta haɗa da wannan daƙiƙa ɗaya, kuma abin da buƙata ta hukunta ba ya zama almubazzaranci.

Wani zai ce gobara ƙaddara ce, kebul ba ya tare ta. Haka ne, amma a hadisin da Tirmizi ya ruwaito an umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Shi mai raƙumi ma dukiyarsa kaɗai ya sa a haɗari. Mai rage kaurin kebul kuwa da rayukan wasu yake kasada, mutanen da ba su ga abin da aka binne ba, ba kuma a nemi yardarsu ba. Wannan ya fi kama da tauye mudun da Suratul Muɗaffifina ta yi tir da shi.

Wani kuma zai ce, to a sayi mafi kauri kawai a huta. Wannan ma kaucewa ne, domin kuɗin jama'a amana ne, kuma kumbura kwangila da sunan kariya cin amana ne. Abin da ya wajaba shi ne lissafi: a nemi ƙarfin wutar haɗuwar wayoyi daga kamfanin rarraba wuta, a duba saurin na'urar kariya, zurfin rami da zafin ƙasa. Wanda ya yi haka ya sauke nauyi. Wanda ya yi ƙiyasi, sama ko ƙasa, da sauran hakki a wuyansa.