Tumatir Mai Takarda

Ran nan a Yamai na raka wata ƙawata wani babban kanti, irin mai sanyin nan da ɗalibi ke shiga don ya huce da rana, ba don ya sayi wani abu ba. A wajen kayan miya na ga tumatir kashi biyu. Launi ɗaya, girma ɗaya, sai dai kashi guda an manna masa ƴar koriyar takarda an rubuta bio, kuɗinsa kuwa ya kusa ninka na ɗan'uwansa. Ƙawata ta ɗauki mai takardar, ta ce ai lafiya ta fi kuɗi. Ban ce mata uffan ba, tunda ba ni ke biya ba. Amma maganar ta bi ni har ɗaki.

Ciwon ɗalibar ilimin harshe ke nan, kome ta gani sai ta fara da sunansa. Na zauna ina neman yadda za a ce biyo da Hausa, na rasa. Da can taki taki ne kawai: kashin shanu, toka, sharar juji. Da na buhu ya shigo sai muka raɗa masa takin zamani, daga nan ne na asalin ya koma takin gargajiya, kamar yadda kaza ta zama kazar gida sai da aka kawo ta gidan gona. Kakata a ƙauye ba ta taɓa zuba ko cokali ɗaya na takin buhu a gonar geronta ba, ba ta taɓa feshi ba. Geronta biyo ne tsantsa, amma ba wanda ya ƙara mata ko dala a kan tiya. Kuma ba zaɓi ta yi ba, rashi ne. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun ce a kai kilo 50 na taki a kowace hekta, mu a Nijar ko kusa ba mu je ba. Abin da Bature ke biya da tsada ya samu, mu talauci ya ba mu shi kyauta, har muna neman hanyar fita.

To shin ya fi lafiya? A 2012 masana a jami'ar Stanford ta Amurka sun tattara bincike 237 a kan wannan tambaya. Ba su samu wata ƙwaƙƙwarar shaida cewa abincin biyo ya fi gina jiki ba. Bambancin da suka gani shi ne an fi samun ragowar maganin ƙwari a kan na feshi, ko da yake mafi yawa bai wuce iyakar da doka ta yarda ba. Kuma takarda ba laya ba ce. A 2011 a Jamus, tsiron hulba daga wata gonar biyo ya yaɗa ƙwayar cutar da ta kashe mutum fiye da 50. Kashin dabba da bai ruɓe ba yana ɗauke da cuta, ko da sunan gargajiya aka zuba shi.

Da na tsaya nan da na ce ƙawata ta yi asarar kuɗinta. Abin da ya hana ni shi ne wannan guntuwar magana: iyakar da doka ta yarda. Wace doka, wa ke aunawa? Binciken nan a ƙasashen da ake auna kayan lambu aka yi shi. A Sahel akwai kwamitin CILSS mai tantance magungunan ƙwari, amma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar ƙauye ya ga kwalabe a shimfiɗe a rana, wasu ba rubutu, wasu rubutun da mai sayarwa da mai saye duka ba su iya karantawa. Ga piya-piya, da ake yayyafa wa wake don kada ya yi ƙwari. Ragowar sinadarinsa ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Waken da aka ƙi can, ai ba zubarwa ake yi ba, a tukunyar wani yake ƙarewa.

Kawuna yana da garka a Jiratawa, kusa da Maraɗi, yana noman tumatir da shu da zogala. Da hutu na gan shi yana feshi da silifas, ya ɗaure hanci da tsohon rawani, iska na maido masa da abin a fuska. Da yamma idanunsa jajur, yana cewa kansa na sara. Na ce, "Kawu, me zai hana ka bar maganin nan?" Ya yi dariya ya ce, "Ke ɗiyar nan, boko ya yi miki daɗi. In na bari tsutsa ta cinye, ke za ki biya kuɗin ruwa? In na kai shu mai huji kasuwa, ku ɗin nan ne za ku wuce shi ku sayi mai sheƙi." Ban da amsa, don ni ma mai sheƙin nake zaɓa.

Tun ranar na gane tambayar da muke yi a kanti karkatacciya ce. Muna tambaya ko zai amfani jikin mai ci, alhali wanda gubar ta fi shafa shi ne mai goyon famfo a baya. Ni ɗan ragowa nake ci, shi shaƙa yake yi, shekara da shekaru. In akwai hujjar ƙarin kuɗin nan, to a wajensa take. Noman biyo yakan ba da amfani ƙasa da na zamani, a ƙiyasi kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ga ƙarin aikin hannu. Mai son manomi ya ajiye famfo, dole ya yarda ya biya wannan giɓin. Abin da ke damuna kawai, ƙarin da ƙawata ta biya, nawa ne ya isa hannun manomi, nawa ya tsaya a kuɗin sanyin kanti? Shaidar biyo ta gaske ma kuɗi ake biya kafin a samu, kuɗin da irin su Kawu ba su da shi. Sai abin ya zama mai hali ya sayi kwanciyar rai, saura su ci abin da ya samu.

Ni dai, da ɗan kuɗin da ke hannuna, ba zan sayi mai takarda ba. In na ce sai shi, rabin wata zan yi ba ganye ba tumatir, wannan kuwa ya fi ragowar feshi illa. Amma ban yarda ƙawata wauta ta yi ba. Amana take nema, ita ce kuwa ta yi ƙaranci tun da muka daina sanin wanda ya noma abin da muke ci.

Akwai abin da bai kai tsadar takarda ba. Buhun nan mai ninki uku da jami'ar Purdue ta fito da shi, wanda aka gwada da masanan INRAN a Maraɗi, yana toshe iska ƙwarin wake su mutu, ba a zuba kome ba. Yanzu in zan sayi wake sai na tambayi a me aka ajiye shi, in kuma sunsuna. Kawu kuwa mun yi ciniki: na sayo masa safar hannu da abin rufe hanci, shi kuma ya yi alkawarin zai riƙa jiran kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ya tsinki tumatir. Da Faransanci aka rubuta, don haka ni ke karanta masa ta waya. Makon jiya ya kira, wai wannan sabuwar kwalbar ba rubutu ko ɗaya a jikinta, kwana nawa zai jira?