Wa Ke Da Yaro, Uba Ko Hukuma?

'Yan'uwa ƙaunatattu na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, waɗansunmu suna cewa, "Ɗana nawa ne, a gida zan koya masa." Hakika Allah ya danƙa 'ya'ya a hannun iyaye, gama Kubawar Shari'a sura 6 ta umurci uba ya koya musu Maganar Allah cikin gidansa. Amma dokar ilimi ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 a makaranta. Uban da ya ƙi, gargaɗi ne da fari, bayan haka tara ko kurkuku.

Mun san abin da ke ba ku tsoro: kada a koya wa yaron addinin da ba naku ba. To, sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta masa haka. Ku je wurin hedimasta, ku faɗa masa da ladabi, kada ku janye yaron.

Sai dai mu binciki zukatanmu. Sau da yawa koyarwar gidan nan, ashe kiwon awaki ne da noman gero. Yaron da ya girma bai iya karanta Bishara ba, ba Gwamna Ubangiji zai tambaya ba, mu zai tambaya.