Hattara da Ledar Magungunan Tsofaffi

Jama'a, ku shiga ɗakin Baba ko na Inna ku zazzage ledar da ke gefen katifa. Ga maganin hawan jini na asibiti, ga na ciwon sukari, ga Diclofenac da jika ya sayo a kemis saboda gwiwa, ga ƙwayar barci da maƙwabciya ta ce ta yi mata aiki. Kowa ya kawo nasa da kyakkyawar niyya, amma babu wanda ya zauna ya duba ko suna jituwa. Wannan ɗabi'a sai yaɗuwa take yi, tana kayar da iyayenmu, mu kuwa muna cewa tsufa ne.

Ƙoda da hantar ɗan shekara saba'in sun rage ƙarfi, don haka magani yakan daɗe cikin jininsa. Diclofenac da Ibuprofen suna iya ɗaga hawan jini, su taɓa ƙoda, su jawo zubar jini a ciki. Diazepam yana sa jiri har tsoho ya faɗi a banɗaki ya karya ƙugu. Glibenclamide yana iya zubar da sukari ƙasa warwas. Amlodipine yakan kumbura ƙafa, sai a ɗauka sabon ciwo ne a ƙara maganin sa fitsari, shi ma ya zo da tasa fitinar.

Masana harhaɗa magunguna sun daɗe da tanadar ma'aunai don wannan matsala. A 1991 likita Mark Beers na Amurka ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a kauce wa ba tsofaffin da ke gidajen jinya, kuma an sabunta shi a 2023. A 2008 masana a ƙasar Ayalan suka kawo STOPP da START: na farko yana nuna abin da za a daina, na biyu abin da ya dace a fara amma aka bari. Akwai kuma ma'aunin MAI na 1992 mai tambayoyi goma a kan kowane magani, irin su: me ya sa ake shansa, adadin ya yi daidai, yana karo da wani? A Amurka doka ta wajabta wa gidajen jinya su sa masani ya duba magungunan kowane mazauni duk wata.

Mu a nan ɗakin tsakar gida ne gidan jinyar, 'ya'ya da surukai ne masu jinya, saboda haka nauyin yana wuyanmu. Tsohon da ke shan magani biyar ko fiye kullum, a kwashe ledar gaba ɗaya, har da jiƙo da garin gargajiya, a kai wa likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada ku tsayar masa da maganin hawan jini ko na barci da kanku, domin yankewa farat ɗaya ma haɗari ne. Kuma duk mai zuwa gaishe da Baba, ya zo da lemo ko goro, ya bar ƙwayarsa a gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira.