LITTAFIN DA BABU SOYAYYA A CIKINSA

Na san da yawanku in kun ga rubutuna labarin soyayya kuke sa ran gani, wato a haɗu, a so juna, uwar miji ta shiga tsakani, a sha kuka, daga ƙarshe gaskiya ta yi halinta. To yau sai ku yi mini haƙuri, babu saurayi babu budurwa a wannan shafin. Wata tambaya ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mu da muke raba dare muna karatu, har miya ta kama a tukunya don muna son jin ko wance za ta auri wane, me ya sa muke gudun littafin da zai gaya mana abin da ke faruwa a cikin jikinmu?

Ni da nake wannan maganar na fi kowa laifi. Tun ina sakandare ba ni da aiki sai hayar littafi, in karanta na ɗaya yau, gobe in aika yaro ya karɓo na biyu. Amma littafin da babu labari a cikinsa, ko kyauta aka ba ni sai dai ya zama abin fifita. A ganina a lokacin, irin wannan karatun na 'yan jami'a ne da likitoci, mu namu shi ne nishaɗi. Abin da ya sauya mini tunani kuwa a cikin gidanmu ya faru.

Wata rana na shiga kasuwa, sai na ga wani mai tsofaffin littattafai ya baza su a ƙasa. Na ɗauki wani mai kauri saboda zanen matan da ke bangonsa. Ashe littafin lafiyar mata ne, wanda wata ƙungiya mai suna Hesperian ta buga a Amurka a 1997, domin matan da ke zaune nesa da likita. Turancinsa mai sauƙi ne, ga zane ko'ina, don haka da ɗan Turancina na sakandare da ƙamus a gefe na riƙa bin sa kaɗan-kaɗan. Ban ma gama shi ba na jefa shi ƙasan akwati.

Bayan kamar shekara guda ƙanwata ta samu cikin fari. Yana wata takwas na je duba ta, na tarar fuskarta ta kumbura, zoben hannunta ya nutse a yatsa. Ta ce, "Yaya, kwana biyu ke nan kaina kamar ana sara shi, kuma in na ɗaga ido sai in ga hazo-hazo." Inna tana gefe ta ce, "Ke dai raki gare ki. Wace mai ciki ce ba ta kumburi? In kin ga haka ɗa namiji ne." Aka yi dariya. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, don na tuna na taɓa karanta waɗannan alamu a jere: ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, gani dishi-dishi, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari. Alamu ne na hawan jinin masu ciki, wanda ke zuwa bayan ciki ya wuce mako 20, in an bar shi kuma ya zama jijjiga, ya tafi da uwa ko ɗa ko dukkansu.

Na ce, "Inna, don Allah ki yi haƙuri, a kira mijinta mu tafi asibiti yanzu." Ta ce, "Oho, yau kuma likita kika zama?" Wallahi maganar ta yi mini ciwo, amma na daure na yi ta roƙo har ta yarda. Muna zuwa aka auna jininta, malamar asibitin ta dube mu ta ce me muka zauna yi tun tuni. Aka ba ta gado, aka yi mata allurar da ke hana jijjiga, washegari aka yi mata aiki aka ciro 'yarta da rai. Rai na Allah ne, Shi ya kuɓutar da su, amma sababin da Ya kawo shi ne shafi biyu na littafin da na raina.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, shin rashin sanin nan namu da muke kira kunya, kunya ce kuwa? Kunya ado ce ga mace, ban musa ba. Amma kunyar da za ta sa yarinya ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki har kan ɗa ya danne mafitsara ta ƙare da yoyon fitsari, wannan ba ado ba ce. Amfanin littafi a nan shi ne ba ya kallonki. Abin da ba za ki iya tambayar Innarki ba, ba za ki iya furtawa a gaban likita namiji ba, za ki rufe ƙofa ki karanta shi ke kaɗai, in ba ki gane ba ki sake komawa, ba zai yi miki tsawa ba, ba zai kai labarinki gidan suna ba.

A nan za ki san cewa awon jini in ya kai 140 bisa 90 ga mai ciki ba abin wasa ba ne. Za ki san cewa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo aƙalla sau 8, ba 4 ba kamar da. Za ki san jariri nonon uwa zalla ya ishe shi har wata 6. Ke kuma budurwa mai shirin aure, Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, amma takardar gwaji me za ta amfana miki in ba ki san fassararta ba? In ke AS ce shi ma AS ne, ana cewa ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa da sikila. Na ji mata da yawa sun ɗauka ai in an haifi mai ciwon guda ɗaya, ukun da za su biyo baya sun tsira. Ba haka ba ne 'yar uwa. Kowane ciki lissafinsa sabo ne. Wannan bayanin rabin shafi ne, amma zai iya raba ki da kukan shekara ashirin.

To bari mu fito daga ɗaki mu hau hanya. Da yawanmu daga gidan uba sai gidan miji, in an yi nisa a je biki garin dangi. Sai wata ta ce, ni da ba ni zuwa ko'ina, me zan yi da littafin tafiye-tafiye? Ai ke ce ma kika fi buƙatarsa. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 tare da wasu 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, da ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano shi ma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama a kan tafiyarsa. Ba don waɗanda suka je suka rubuta ba, sun rubuta ne don waɗanda ke gida. Macen da ta san akwai ƙasashen da ake cin abinci daban, ake aure daban, ake renon yara daban, ba ta saurin cewa duk abin da ba irin na unguwarsu ba ne hauka ne. Ko kishiya aka kawo mata daga wata ƙabila, za ta fi iya zama da ita.

Ban da haka, tafiya ba ta sallama. Yau kina zaune, gobe Allah Ya kira ki Makka, ko ciwo ya kai ki Masar ko Indiya jinyar wani naki. Lokacin da Inna za ta tafi aikin Hajji, ni ce na zauna ina karanta mata ɗan littafin jagorar matafiya dare-dare. A nan muka san fasfo ya kamata ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, da cewa ba a shiga sai da shaidar allurar sanƙarau, da cewa duk abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 ba a sa shi a jakar hannu. Da ba don haka ba da kwalbar humrarta a filin jirgi za ta kwana. Babban abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne gargaɗin kada a karɓi saƙon kowa a rufe. Mu mutanen kara ne, in an ce "Hajiya, ga ɗan ƙunshi ki kai wa ɗana," nauyin cewa a'a muke ji. Alhali in ƙwaya ce a ciki, hukuncin safararta a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma ba a tambayar wa ya ba ki kafin a kama ki. Inna da bakinta ta ce da ni, "'Yar nan, ashe karatun naki ba na banza ba ne." Ban ce komai ba, amma ranar na yi barci mai daɗi.

Na uku shi ne wanda za ku fi yi mini dariya a kansa, wato littafin koyon zane a kwamfuta. Ku saurara ku ji. Littafina na farko, adashi na ɗauka sukutum na kai wani shagon masu buga rubutu. Na ce ina son bango ruwan hoda, aka fito da shi kamar an jiƙa shi da zoɓo. Fuskar yarinyar da ke jiki ta dushe. Ciki kuwa duk an zubar da ƙugiyar haruffa, inda na rubuta baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Da na yi magana sai mai shagon ya ce, "Hajiya, ai haka injin yake fitarwa." Na yi shiru, don ban san abin da zan ce ba. Na kwashi kayana na tafi gida na yi kuka.

Daga baya na samu wani littafin koyon CorelDraw, manhajar da wani kamfanin Kanada ya fitar tun 1989, wadda masu katin biki da kalanda da sitika suka daɗe suna aiki da ita a garuruwanmu. Ina bin sa a tsohuwar kwamfutar maigida in yara sun yi barci. A nan na gane laifin ba na inji ba ne. Fuskar kwamfuta da haske uku take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki, don haka dole a juya zanen zuwa tsarin tawada kafin a kai shi, in ba haka ba launi ya sauya. Hoto kuma yana son ɗigo 300 a kowane inci kafin ya fito tas a takarda. Haruffanmu masu ƙugiya suna nan, sai dai a zaɓi salon rubutun da ke ɗauke da su. Da na koma da littafi na biyu na yi waɗannan tambayoyin, sai da mai aikin ya gyara zama. Yanzu ni nake tsara bangona, har maƙwabta masu sayar da turaren wuta da yaji suna kawo mini aikin takardar da ake liƙawa a roba, ina samun na sabulu ba tare da na fita ba. Mai waya ma ba a bar ta a baya ba, akwai Canva wadda ta fito a 2013, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai mace, Melanie Perkins, 'yar Ostireliya.

In kun lura, abu ɗaya ne ya faru a wuraren nan uku. Littafi bai mai da ni likita ba, bai mai da ni matuƙiyar jirgi ba. Abin da ya ba ni shi ne bakin tambaya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma wanda bai san komai ba ko tambayar ma bai san ta inda zai fara ba, sai dai duk abin da aka ce masa ya ce to. Mace mai cewa to a kan komai ana yaba mata da haƙuri, amma wani haƙurin rashin sani ne ya ɗaure shi.

Sai dai dole in faɗi gaskiya ta ɗaya ɓangaren. Akwai wadda za ta karanta shafi uku ta fara rubuta wa maƙwabta magani, wannan ta fi wadda ba ta karanta ba haɗari. Littafin lafiya na kirki asibiti yake tura ki, ba ya hana ki zuwa. Kuma ba duk abin da aka buga ne gaskiya ba. Kasuwa cike take da 'yan littattafan haɗe-haɗen mata da ba a san wanda ya rubuta su ba, haka ma saƙonnin da ake turawa a WhatsApp. Ki duba wa ya rubuta, mene ne saninsa, wace shekara aka buga, domin ilmin lafiya da na kwamfuta suna tsufa. In kin ga mai bayanin yana sayar da maganin da yake yabo, to ki yi hattara.

Ban ce ku bar littattafan soyayya ba, in na faɗi haka ai na kashe kasuwata da hannuna. Su ne suka koya wa da yawanmu karatun Hausa, su ne suke ɗebe mana kewa ranar da gida ya yi zafi. Roƙona kaɗan ne. In kin karanta labari biyar, na shida ya zama wanda zai koya miki wani abu, in kin gama kuma ki karanta wa wadda ba ta iya ba. Mu marubuta kuma da sauran aiki a gabanmu, domin irin waɗannan littattafai da Hausa ba su kai yawan na labari ba, kuma ba kowace ce za ta iya zama da ƙamus kamar yadda na yi ba.

Yarinyar nan da aka ciro ranar, bana ta shiga firamare. Duk sanda ta rugo ta faɗa jikina tana kiran "Umma babba," sai in tuna saura ƙiris in wuce mai littattafan nan ban tsaya ba.

Kuskuren da ke ciki nawa ne, ku yafe ni. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.