Yesu Bai Kunyata Kurma Ba

Karatu: Markus 7:31-37

Ɗan'uwa, kunnenka ya yi nauyi? Wataƙila sanƙarau ne ya jawo, ko tsufa. A sujada kana bin bakin fasto da ido, kunya ta hana ka faɗa wa kowa.

Dubi yadda Yesu ya yi da kurman da aka kawo masa. Ya ja shi gefe, nesa da taro, sannan ya taɓa kunnuwansa. Haka yake tattalin mutuncinka yau.

Hans Demant, mutumin Denmak, ya je Ingila ya sayo wa matarsa na'urar ƙara ji. Da ya ga amfaninta, a 1904 ya fara kawo wa wasu. Asalin kamfanin Oticon ke nan.

Kai ma ka yi addu'a, ka je asibiti a auna jinka. In an ba ka na'ura, ka koyi kula da ita da sauya batirinta. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, akwai tsofaffi masu neman wanda zai kawo musu irinta da amana. Ciwon nan zai iya zame maka sana'a da hidima.

Addu'a: Uba, ka buɗe kunnena, ka sa in zama albarka ga wasu, cikin sunan Yesu. Amin.