Ban Yi Lakwal Ba, Me Zan Koya Masa?

Karatu: 1 Sama'ila 3:1-14

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, watan Oktoba ya kama, ka sayi kaye da allo, ka kai yaro lakwal. Daga nan nauyin karatunsa a wuyan wa yake? Da yawa cikinmu za su ce na mushe ne. "Ni ban iya Faransanci ba, ina ruwan makaho da madubi?" Na sha jin wannan magana a bakin dattawan ikilisiya, kuma akwai gaskiya a cikinta. Ba za ka iya gyara masa rubutun da ba ka iya karantawa ba.

Amma dubi Eli. Ya tsufa, idanunsa sun dushe, muryar da ta kira Sama'ila da dare kuma ba shi aka kira da ita ba. Duk da haka yaron ya ruga wurinsa sau uku, Eli kuwa ya gane Ubangiji ne, ya faɗa masa yadda zai amsa. Abin tsoro shi ne saƙon da ya zo a daren nan. An hukunta gidan Eli domin ya san abin da 'ya'yansa suke yi, bai hana su ba. Ba a ambaci idonsa ba ko kaɗan.

To, kai me ka sani? Ka san 'yarka tana dawowa ta ɗauki tulu, ta yi daka, ta yi wanke-wanke, har barci ya kwashe ta ba ta buɗe kaye ba, alhali wanta yana wasan ƙwallo. Ka san wanda yake riƙe da fitila da dare. Waɗannan ba sa bukatar Faransanci.

Gwada wannan yau. Bayan tuwon dare ka ce wa yaron, "Faɗa mini da Hausa abin da aka koya muku." Idan ya iya bayyana maka, ya gane. Idan ya tsaya yana rera kalmomin mushe kamar waƙa, haddacewa kawai ya yi, sai ka sani da wuri, tun yana CE1, kafin CM2 ta same shi da ramin. Lissafi kuwa ka iya shi, ko ba ka taɓa zama a aji ba: ba shi kuɗin cefane ya ƙirga canji. Jan biro a kaye ma kana ganinsa.

Ka je ka gaishe da mushe tun kafin sakamako ya fito, ka tambaye shi abin da ake so ɗan ajin ya iya kafin ƙarshen shekara. In kuna da saɓani, kada ka zage shi a gaban yaro, gama gobe yaron ne zai zauna a gabansa.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini darare da na bar kayen ɗana a rufe. Ka ba ni haƙurin zama in saurare shi yau. Cikin sunan Yesu, Amin.