Wa zai biya kusu bashinshi?

Kakata a Tibiri ta yi shekaru tana fama da sanyin ƙashi. Gwiwoyinta sun kumbura, har salla a zaune take yi. Burinta guda: a kai ta Tafadek, arewa da Agadas, inda masu ciwon gaɓɓai ke shiga ruwan zafi. Kuɗin mota sun hana.

Ina neman sanin ko irin wankan nan na magani, sai na iske yadda masana ke gwada ruwan farar wuta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ana samun kusa lafiyayyu, a yi musu allura a ƙafa ko gindin wutsiya. Cikin mako biyu gaɓɓai su kumbura. Tun 1956 aka san dabarar nan. Sai a raba su: waɗansu a tsoma su ruwan farar wuta, waɗansu ruwa zalla, ana awon kumburin. A ƙarshe a kashe su duka, a duba gaɓɓan.

Wani aboki ya ce mini: «Kai, kusu fa! Wanda ke cinye mana hatsi a rumbu?» Da gaskiyarshi. Addini ya halatta kashe kusu. Amma addinin nan ne ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure har ta mutu da yunwa. Izinin kashewa daban, izinin azabtarwa daban.

Ni ɗan nazarin harshe ne, kalma ce ta tsayar da ni. A takardunsu na Faransanci ba su cewa an kashe, sai «sacrifier», wato hadaya. To mu a Arewa mun san hadaya, ko ta layya ko ta mutanen Lugu: ana wasa wuƙa, ana sanin don wa aka zubar da jini. Wanda ya ari kalmar nan ya ari nauyinta. Tun 1959 Russell da Burch, masana a Ingila, suka ce a musanya dabba da wata hanya in akwai, a rage yawanta, a sassauta mata ciwo.

Ni zan ƙara sharaɗi na huɗu: amfanin ya iso ga talaka. In kusu ya sha wuya don masu kuɗin Turai su ji daɗin wanka, kakata na nan zaune bisa tabarma, wannan ba hadaya ba ce, mushe ne.

Ƴan'uwa, na yarda a yi gwajin. Amma mu sani bashi ne, kuma ba a fara biya ba tukuna.